Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Fastoci Da Dattawan Majami'un Hausa Na Legas: A Daina Sayar Mana Da Tsoro A Watan Kirsimeti

Iyayena fastoci, dattawan ikilisiya, da iyayenmu mata na zumunta,

Salama a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da ɗawainiya da mu. Yaya iyali, yaya shirin biki? Allah ya ƙara muku ƙarfi.

Bayan gaisuwa, ina roƙon a yi mini aikin gafara tun kafin in fara, don yaro ne zai yi magana a gaban manya. Ni ban shiga makarantar koyon Littafi Mai Tsarki ba. Mutumin Kudancin Kaduna ne ni, na shigo Legas a ƙarshen 2001 a saman tirelar shanu, aka sauke mu a Oko-Oba da asuba, ban san kowa ba sai wani ɗan ƙauyenmu. Na yi gadi shekara 11, yanzu tuƙi nake yi, ina zaune a Agege da matata da yara huɗu. Maganar da zan yi na kai ta taron kwamiti sau biyu, aka ce za a duba. Ga wata Kirsimetin ta ƙarato ba a duba ba. Kuma da na tambayi 'yan'uwa masu sujada a Idi-Araba da Obalende da Ketu da Ojo, sai na tarar ciwon ba na majami'armu kaɗai ba ne. Shi ya sa na rubuto a inda kowa zai gani.

Lahadi biyu da suka wuce aka kawo mana baƙon mai wa'azi. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan kuma faɗi majami'ar ba. Ya yi sama da awa guda a kan bagade, kuma duk tsawon lokacin maganarsa ɗaya ce: watannin ƙarshen shekara, waɗanda mutanen nan ke kira emba, watanni ne na masu shan jini. Aljanu sun kafa tarko a hanyar Ibadan. 'Yan'uwanka na ƙauye sun riga sun kai sunanka wurin boka, suna jiran ka sauka daga mota. Wanda bai "rufe shekararsa" ba, kada ya yi kuka da kowa in bai ga Janairu ba. Daga nan sai aka fito da kwalaben man zaitun da ambulan, kowane ambulan da farashinsa, na tafiya daban, na iyali daban.

Kusa da ni akwai wata gwauruwa mai aikin wanke-wanke a gidajen mutane a Ikeja. Na ga lokacin da ta kwance bakin zaninta. Na san kuɗin nan, don ni ta ba ajiyar wani ɓangarensu: kuɗin motar da take tarawa tun Agusta ne don ta je ta ga 'ya'yanta. Hannunta na rawa ta zuba su a ambulan. Da aka tashi na lura da fuskokin jama'a a bakin ƙofa. Mutane sun shigo da tsoro ɗaya, sun fita da goma. A ranar ma an kunna fitilun ado, an rera waƙoƙin haihuwar Mai Ceto, amma ban ji an ambaci abin da ya zo ya cece mu daga gare shi ba.

Iyayena, na ga abin da tsoro ke yi da idona, tun ban cika wata biyu a garin nan ba. Ran Lahadi 27 ga Janairu 2002 ma'ajiyar makamai ta barikin soja na Ikeja ta kama da wuta. Duk wanda yake Legas a lokacin ya san yadda ƙasa ta riƙa girgiza. Ba wanda ya san abin da ke faruwa. Wasu suka ce juyin mulki ne, wasu suka ce yaƙi ya zo, wasu suka ce tashin duniya. Kowa ya zuba a guje, ni ma na bi, takalmi ɗaya a ƙafa, ban san inda na nufa ba. Washegari muka ji labarin magudanar ruwa ta Oke-Afa. Ciyawar ruwa ta lulluɓe ta har ta yi kama da fili, jama'a suka yi ta afkawa, na baya na tura na gaba. Fiye da mutum 1000 suka mutu a masifar nan, kuma akasarinsu ba bam ne ya taɓa su ba, gudu ne ya kai su ruwa, yawanci mata da yara. Tun daga ranar, duk lokacin da na ji wani yana rura tsoro a cikin taro, Oke-Afa nake tunawa. Mai firgita jama'a ba ya sanin ramin da za su faɗa.

Kada a ɗauka ina cewa tsoron mutanenmu na banza ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu da muka fito daga Arewa, Kirsimeti tana zuwa mana da tabo. A jajiberen 2010 bama-bamai suka tashi a Jos, a Kabong da Unguwar Rukuba, mutane na tsakiyar cefane. Ranar bikin 2011 aka kai hari majami'ar Santa Tereza a Madalla, jama'a na fitowa daga sujada. A 2023 aka bi ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a daidai kwanakin nan, aka kashe fiye da mutum 100. A cikin masu zama a bencinmu akwai waɗanda suka gudo daga Gwoza da Michika da Mubi a 2014, har yau wasu ba su koma sun ga kangon gidansu ba. Mai shirin tafiya gida kuwa lissafi biyu yake yi, na kuɗin mota da na masu tare hanya, matarsa ba ta runtsawa sai ya bugo waya ya ce ya sauka.

Nan Legas ɗin ma ba a kan tabarma muke kwance ba. Da aka hana acaba a manyan sassan gari a Fabrairun 2020, aka ƙara tsanantawa a Yunin 2022, samarinmu nawa ne suka wayi gari babu sana'a? Wanda ya yi ƙarfin hali ya fita, ransa na hannun masu kamen babur, kuma babur ɗin ma bashi ne. Ga mai gida da takardar ƙarin kuɗin haya a Disamba. Ga wani abin da ba mu cika faɗa a majami'a ba: a garin nan dukanmu Aboki ne. Ran da rikici ya tashi, irin na Idi-Araba a Fabrairun 2002 ko na Mile 12 a Maris ɗin 2016, ba a tsayawa tambayar ko sunanka Bulus ko Bello. Fuskarka da harshenka sun riga sun amsa. A Kurmi Bahaushe ne kai, in ka koma Arewa kuma a tuna maka kai ba shi ba ne. Mutumin da ke ɗauke da wannan kaya a ka, in ya zo gidan Allah, ai sauke masa ya kamata a yi. Ana kukan targaɗe, sai mu ƙara masa karaya da hannunmu?

Ku kuka koya mana karatun Littafin, don haka ku ba ni dama in maimaita muku abin da kuka koya mini. A labarin haihuwar nan, mutum huɗu ko in ce ƙungiya huɗu mala'ika ya yi wa magana: Zakariya a cikin Haikali, Maryamu a Nazarat, Yusufu a mafarki, sai makiyaya a fili. Dukansu da magana ɗaya ya tare su: kada ka ji tsoro, kada ki ji tsoro, kada ku ji tsoro. Bai ce wa ko ɗayansu ya kawo wani abu tukuna ba. Da bakin Zakariya ya buɗe bayan watanni yana bebe, abin da ya yi waƙa a kai, a ƙarshen sura ta farko ta Luka, shi ne Allah ya tuna da alkawarinsa zai kuɓutar da mu daga hannun maƙiyanmu domin mu bauta masa ba tare da tsoro ba. Dattijon nan ya fahimci Kirsimeti tun ba a haifi yaron ba. To, in mun mai da watan nan lokacin da tsoro ya fi yawa a majami'a, wace Kirsimeti ke nan muke yi?

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne, ba a cikin kwanciyar hankali aka faɗi maganar ba. Ƙasar tana ƙarƙashin mulkin Romawa. Wani Kaisar da ke zaune can nesa ya ba da umarnin ƙidaya, sai ga kafinta ya ɗauko mace da tsohon ciki sun kama tafiyar kwanaki zuwa Baitalami. Duk wanda doka ta taɓa faɗo masa daga sama ta rushe masa shiri ya san wannan. Sun isa babu masauki, kamar yadda da yawanmu muka kwana a ƙarƙashin gada ko a shagon wani a makonmu na farko. Aka kwantar da jariri a komin dabbobi. Ba a jima ba Hirudus ya aika aka karkashe yara maza na Baitalami daga ɗan shekara biyu zuwa ƙasa, iyaye mata suka yi kukan da ba ya rarrasuwa. Yusufu ya tashi cikin dare ya ɗauki yaron da uwarsa suka tsere zuwa Masar. Ubangijinmu ɗan gudun hijira ne tun yana goye. Wasan kwaikwayon da yaranmu ke yi kowace shekara yakan tsaya a kan masana taurari da kyaututtukansu, a tafa, a raba biskit. Ni da za a bi tawa, da an riƙa ƙarasa labarin har Masar, don 'yan'uwanmu na Borno da Adamawa da Filato su ga cewa hanyar da suka bi, an riga an bi ta da Mai Ceto a baya.

Saboda haka ba na tsammanin ceton da Kirsimeti ke shela alkawari ne cewa mota ba za ta taɓa faɗuwa da mai bi ba, ko ɗan bindiga ba zai taɓa samunsa ba. Mun binne masu bi da yawa, ba za mu yi wa kanmu ƙarya ba. Abin da aka ba mu ya fi wannan nauyi. Sunansa Immanuwel, wato Allah yana tare da mu: ya shigo cikin jikin da ake iya yanka, ya zauna a ƙasar da ake iya kora. Wasiƙar Ibraniyawa sura ta 2 ta faɗi dalilin a fili, cewa ya ɗauki nama da jini irin namu domin ta wurin mutuwarsa ya karya mai ikon mutuwa, wato Iblis, ya kuma 'yantar da waɗanda tsoron mutuwa ya riƙe su bayi duk tsawon ransu. Bayi fa aka ce. Kuma gaskiya ne, don mai tsoron mutuwa babu abin da ba za a sa shi ya yi ba: zai yi ƙarya, zai ci amana, zai ɗaura laya a ƙarƙashin rigar zumunta, zai ba da kuɗin motarsa. Manzo Yahaya ya ce dalilin bayyanar Ɗan Allah shi ne ya rushe ayyukan Iblis. In ya rushe, ya rushe. Babu sauran ciko da za a biya a ambulan. Iyayen Yesu ma da suka kai shi Haikali, tsuntsaye biyu suka miƙa, hadayar da Shari'a ta yarje wa wanda ba shi da halin rago. Dattijo Saminu bai duba abin da ke hannunsu ba, ya rungumi yaron ya ce idonsa ya ga ceto.

Bari in ba ku labarin daren da na fara gane wannan, don ba a benci na gane ba, a bakin get ne.

Jajiberen Kirsimeti ne, shekarar ƙarshe ko kusa da ta ƙarshe da nake leƙa aikin gadi, ina riƙe wa wani abokina da ya tafi gida. Gidan yana wata unguwar masu hali a Magodo. Masu gidan sun tafi ƙauyensu tun 22 ga wata, suka bar mini mabuɗi da kare da rabin buhun garin rogo. Gidan da ke kallonmu wani saurayi ne ke gadi, bai fi wata uku da zuwa ba, daga wajen Michika, a ƙarshen 2014 ke nan. Ba ya magana sosai. Wajen ƙarfe goma na dare yaran unguwa suka fara fasa nokawut, abin wasan nan mai ƙara kamar bindiga. Ina zaune a kan benci ina shan shayi sai na ji faɗuwar kujera. Na haska tocila ban gan shi ba. Na tsallaka titi na leƙa, sai ga shi kwance a ƙarƙashin motar mai gidansa, ya toshe kunnuwa, jikinsa na ɓari kamar mazari, yana kiran sunan wata mace. Daga baya na ji ƙanwarsa ce. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ban san abin da zan ce masa ba. Na durƙusa na riƙe ƙafarsa kawai har ƙarar ta lafa. Da ya fito na jawo shi ɗakin gadina, na zuba masa shayi a murfin fulas, rabi ya zube a wandonsa. Akwai ƙaramin Sabon Alkawari na Hausa da nake ajiyewa a taga, bangonsa ya riga ya cire. Na buɗe Luka 2 don daren ne, ba don na yi wata dabara ba. Ina karantawa da tocila na iso inda aka ce akwai makiyaya a wannan yanki suna kwana a fili, suna tsaron garkensu da dare. Sai na tsaya. Shekara nawa ina jin ayar nan, amma ban taɓa lura ba sai a daren: ashe masu gadi ne. Mutanen da kowa ya shiga ɗaki ya bar su a waje da dukiyar da wataƙila ma ba tasu ba ce. Su aka fara gaya wa. Ba a je fadar Hirudus ba, ba a je gidan babban firist ba, bakin get aka zo. Kuma Littafin bai ɓoye ba, ya ce sun tsorata ƙwarai. Na ce wa yaron, "Ƙanena, ka ji? Mu ne nan." Bai amsa ba. Can sai ya ce in sake karanta wurin. Na karanta sau uku. Bai daina firgita da ƙarar nokawut ba a daren nan, ba zan yi muku ƙarya ba, amma ya zauna a kan benci har gari ya waye, kuma da asuba shi ya fara jawo waƙa.

Majami'a tana cike a daren, an yi ta rawa har da mawaƙan ƙungiyar Sabon Rai. Ba wanda ya san da mu. Ba ƙorafi nake ba, ni ma da na samu aikin rana na manta da na bakin get shekaru da yawa.

Yanzu ga maganar da na fi jin nauyin faɗa, amma in na haɗiye ta wasiƙar ba ta da amfani. Kalmar nan makiyaya, ku da ni mun san yadda take sauka a kunnen mutumin Kudancin Kaduna ko Filato ko Binuwai a yau. Akwai waɗanda in sun ji ta a rediyo sai cikinsu ya ɗuri ruwa. Ni ma na rasa ɗan'uwa a gona, ba labari aka ba ni ba. Amma kowace shekara muna ɗaura wa yaranmu rawani, mu ba su sanda, mu ce su ne makiyayan da suka fara jin albishir. Ina ganin Allah bai bar kalmar nan a bakinmu a banza ba. Mai kisa mai kisa ne, a kama shi a hukunta shi, kuma hakkinmu ne mu yi ta kuka ga gwamnati har ta ji. Sai dai in tsoro ya kai mu ga ƙin kabila sukutum, har yaron da ke tallar nono ko dattijon da ke sayar da rago a Alaba Rago ya zama abokin gaba a idonmu, to Mugun ya ci mu ta ƙofar baya alhali muna gadin ta gaba.

Ku duba Hirudus da kyau. Me ya sa shi kisan jarirai? Matiyu ya ce da ya ji labarin sabon sarki, hankalinsa ne ya tashi. Sarki mai sojoji da fada, tsoron jinjiri ya mai da shi dodo. Mugunta da yawa haka take farawa, daga mutumin da ya firgita. Na san wani saurayi a majami'armu da ya shekara uku bai aika wa mahaifiyarsa ko sisi ba, bai ɗaga wayarta ba, saboda wani mai "gani" ya ce masa ita ta ɗaure arzikinsa. Tsohuwar da ta sayar da akuyoyinta ta biya masa kuɗin motar zuwa Ikko, yau ita ce mayya. Ta rasu bara da damina, ya je jana'iza yana birgima a ƙasa. Wa zai amsa wannan a gaban Allah? Sa'ad da mala'ika ya faɗa wa Yusufu sunan da za a raɗa wa yaron, dalilin da ya bayar shi ne zai ceci mutanensa daga zunubansu. Nasu fa, ba na maƙwabta ba. Wa'azin da kullum yake nuna mana maƙiyi a ƙauye, maƙiyi a wurin aiki, maƙiyi a cikin dangi, bai taɓa barin mutum ya dubi ƙirjinsa ba, nan kuwa aikin ceton yake farawa.

Haka saƙonnin da ke yawo a zaurukan WhatsApp na majami'u a wannan wata. Wani ya turo murya ba suna ba gari, wai an ga baƙin fuskoki an sauke su a Mile 12, a yi hattara. Kafin yamma ta zaga Legas, kuma sau da yawa dattijon ikilisiya ne ya tura. Baƙin fuskokin nan, iyayena, mu ne shekara 20 da suka wuce. A layinmu a Agege, mai shayin da ke ba yarana bashin burodi in wata ya yi nisa Musulmi ne, mutumin Katsina. Da Sallah naman layyarsa na shigowa gidana, da Kirsimeti shinkafar matata na shiga nasa. In wani abu ya tashi a unguwa, ƙofarsa zan fara ƙwanƙwasawa, shi ma tawa. Kada a ɓata mana wannan da muryar da ba a san mai ita ba.

Mu da ke Legas muna zaune kusa da wani tarihi da ya kamata ya ba mu kunya. A Badagry, garin da aka daɗe ana lodin bayi zuwa ƙetaren teku, a can aka yi bikin Kirsimetin da aka fi ambata a matsayin na farko a ƙasar nan, ran 25 ga Disamba 1842, a gindin bishiyar Agiya, Thomas Birch Freeman da Henry Townsend suna jagoranci. Waɗanda suka nemi a turo masu bishara kuwa 'yantattun bayi ne da suka dawo daga Saliyo. Mutanen da suka san sarƙa a wuya, sun san abin da ake nufi in an ce Mai Ceto. Kuma a Disambar 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da nufin kai bishara ƙasarmu ta Arewa. Biyu daga cikinsu ba su wuce 1894 da rai ba. Daga wannan aikin ikilisiyar ECWA ta fito. Ba su zo da kwalbar kariya ba, in da suna da ita ai da sun fara shafa wa kansu.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Ku tsare mana bagade. Duk baƙon da za a ba makirufo a watan nan, a san abin da ya zo da shi tukuna, kuma wanda ya sa wa kariyar Allah farashi, a karɓe makirufon cikin ladabi ko da a tsakiyar magana ne. Kuɗin gwauruwar nan kuma a mayar mata. Kwamiti ya san ta, ba sai na nuna ba.

Ban ce a bar tsaro ba. A ci gaba da binciken jaka a ƙofa, a hana ajiye mota a jikin gini, samarin ƙungiyar Birged ta majami'a su yi aikinsu. Mai tafiya gida ya bi motar safe, ya duba direbansa ba a buge yake ba, gama yawan haɗarin ƙarshen shekara gudu ne da lodi da gajiya da son a yi sawu biyu a rana, ni direba ne na sani. Yusufu ma ai cikin dare ya gudu da iyalinsa, kuma ba a kira shi marar bangaskiya ba. Hankali daban, firgici daban. Sai dai a roƙi iyaye su hana yara fasa nokawut a harabar majami'a, saboda akwai masu zama a cikinmu da ƙarar ke mai da su wani dare da suke ƙoƙarin mantawa.

Sannan a tuna da waɗanda ba za su zo ba. Masu gadi, 'yan aikin gida da uwar ɗaki ba za ta saki ba don ranar ce ta fi yin baƙi, direbobi, masu jinya, sojoji da 'yan sandanmu da ke bakin aiki. A sa musu sujada ta musamman ran 26 ko 27 da yamma, lokacin da za su iya samun fita, kada ta zama saura-saura, a yi ta da mawaƙa da abinci kamar ta ranar. Baikon ranar bikin kuma, ko kashi ɗaya ne a ware don samarin da aka ƙwace wa babur da matan da ke bin bashin haya. Wani lokaci "kada ka ji tsoro" da mudun shinkafa ake faɗinta.

Na ƙarshe, wanda ba sai an jira kwamiti ba. A daren 24 ga wata, ni da matata da mutum biyar daga ajinmu na makarantar Lahadi za mu fita. Mun samu aron bas, mun haɗa kuɗin mai. Iyayenmu mata uku sun yi alkawarin kula biyu ta shinkafa da miya, da fulas ɗin kunun gyaɗa. Mun rubuta get 34 a Magodo da Ogba da Omole inda muka san akwai ɗan Arewa a zaune shi kaɗai, kuma ba mu tambayi addinin kowa ba, duk wanda muka tarar zai ci. Wanda ya yarda, za mu karanta masa Luka 2 daga aya ta 8, mu yi waƙa ɗaya a hankali don kada mu ta da masu gida, mu wuce. Saurayin nan na Michika yana cikinmu, yanzu yana da mata da 'ya, shi ne ma ya san yawancin ƙofofin.

Abin da muka rasa fasto ne. Muna so ko mutum ɗaya daga cikinku ya shigo motar da farar kwalarsa, don akwai waɗanda rabonsu da su ga fasto ya tsaya a kansu ya sa musu albarka tun suna gida. Za mu tashi daga tashar Agege da ƙarfe tara na dare. A zo da tocila da rigar sanyi, kujerar gaba a buɗe take.

Naku cikin Ubangiji,
Ɗanku, tsohon maigadi,
Agege, Legas.